Kwanon Gurasa a Xi'an

Salamu alaikum jama'ar wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min cewa dutse aka dasa min a ƙirji a maimakon zuciya. Ban musa ba, 'yar'uwa. Amma ki bari ki ji na yau tukuna, sai ki haɗa hukuncin gaba ɗaya.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Hansai, ni ce auta a gidan Alhaji Lado. A Riyadh aka haife ni, a unguwar Shifa na yi rarrafe na yi tafiya. Kano sau biyu na taɓa zuwa, duka biyun kuma da zazzaɓi na dawo. Abba akawu ne a wani kamfanin tayil tun kafin a haife ni. Da aka ce kujerar akawu ta koma ta 'yan ƙasa, sun yi ta jan sa saboda mutunci, har dai bana kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, ya kira shi ofis, ya zuba masa gahawa da hannunsa, ya ce za a buga masa huruj niha'i, wato fitar da babu dawowa. Ni kuwa iƙamata, wato takardar izinin zama, a jikin ta Abba take rataye. Ranar da ya tafi, ranar zan tafi, sai fa in na auri wanda iƙamarsa za ta ɗauke ni.

Nan ne maganar Sha'aban ta yi ƙarfi. Ɗan Zariya ne, makanikin manyan motocin gini a Dir'iyya da ke gefen Riyadh, yana aiki da wani kamfanin 'yan China. Dogo ne baƙi, magana sai an matse shi kamar man goge baki da ya kusa ƙarewa. Ya fi shekara yana zuwa gidanmu duk Juma'a bayan la'asar, da ledar lemo ko kankana a hannu, ya gaida Abba, ya zauna a bakin kujera kamar an ce haya zai biya in ya jingina. Iƙamarsa ta masu fasaha ce, tana ɗaukar iyali. Umma ta gano wannan tun kafin ta gano sunan unguwarsu.

Ni ban ƙi shi ba, ban kuma so shi ba. In na kalle shi, abin da nake gani shi ne baƙalar ƙasan gidanmu, shagon da muke cefane, da titin da nake bi zuwa wajen ƙawayena, da layukan kasuwar Dira inda na san mai turaren da ba ya cuta. Riyadh nake gani sanye da jallabiya. Shi ya sa ban ce e ba, ban ce a'a ba, na bar maganar tana lilo.

Ana cikin haka kamfaninsu ya tura shi China karo ilimi, wani birni da ake rubutawa Xi'an ana kuma faɗinsa Shi'an, inda ake ƙera motocin da yake gyarawa. Kullum da safe saƙonsa na shigowa: "Kin tashi lafiya? Yau an yi sanyi a nan." Sai hoton wata ganuwa, ko na wani rufi mai lanƙwasa. Ni kuma in tura masa babban yatsa, in koma barcina.

Wata ranar Talata ina kicin ina naɗe kofuna da jarida muna jerawa a kwali, Umma ta shigo ta tsaya a kaina. Ta ci ɗaurin ɗankwalinta na faɗa, wanda take turowa gaban goshi.

"Gwaggonki Delu za ta Guanzu ta China saro kaya. Ke za ki raka ta, saboda Turanci da wayar nan."

"To, Umma."

"In kun gama da kasuwa za ku wuce wajen yaron nan. Ki gan shi, ki dawo min da magana ɗaya."

"Umma, daga Guanzu zuwa inda yake fa ya fi nan da Jidda nisa."

"Ko bangon duniya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, Hansai. Ubanki kwanakinsa a garin nan ƙirgaggu ne, ke kina ta yanga."

Na ci gaba da naɗe kofi. A raina na ce, tafiya China kyauta ai ba abin ƙi ba ce, amsa kuma e ce dama, jan aji ne kawai ya rage.

Gwaggo Delu ƙanwar Abba ce, mijinta na da shagon darduma a Dira, ita kuma tana sayar wa mata jakunkuna da takalma daga ɗakinta. Mace ce da ba ta taɓa ganin abin da ya burge ta ba. Labarin kasuwar Guanzu zan bar shi, don babu komai ciki sai ciniki da ciwon ƙafa. Da muka gama muka hau jirgin ƙasan nan mai gudu kamar an koro shi, muka yini muna tafiya arewa, sanyi na ƙaruwa.

A tasha muka same shi yana jira. Ya rame, ya sa wata jibgegiyar rigar sanyi da hular ulu har kunne. Ni abayata baƙa na sa mai aikin zare ruwan toka a hannu, na ɗora rigar sanyin da na ara wajen ƙawata, wadda ta yi min yawa. Gwaggo kuwa leshi ta sha da babban mayafi, da safa cikin takalmi mai maɗauri. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, mutane na kallo.

"Sannunku da hanya, Gwaggo. Kun sha tafiya."

"Mun sha, ɗan nan. Wannan gari naku ba a kunna rana ne?"

Ya yi murmushi, ya karɓi jakunkuna, sannan ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, "Hansai, sannu da zuwa." Na ce, "Yawwa."

Zan yi wa garin adalci, ya cika gari. A tsakiyarsa akwai tsohon birni da ganuwa ta zagaye, ba irin wadda aka bari ta zube ba, a tsaye take ƙyam, ta bulo mai ruwan toka, da ƙofofi kamar bakin kogo. Faɗinta a sama ya isa motoci su wuce juna, mutane har keke suke haya suna zagayawa a kai. Daga can sama in ka dubi ciki sai tsofaffin rufi na kasko, in ka juya waje sai dogayen benaye na gilashi irin namu na unguwar Olayya a Riyadh. Sha'aban ya ce nan ne fadar ƙasar ta zauna tun zamanin da, daula bayan daula, daga nan kuma ayarin fatake ke tashi da siliki su nufi ƙasashen Larabawa. Gwaggo ta ce, "To yanzu ina sarakunan?" Ya ce mulki ya daɗe da komawa wani birnin. Ta ce, "Ka ji fa. Su sun tafi, masu shara na nan."

Washegari ya kai mu bayan gari ganin sojojin yumɓu, waɗanda wani sarki ya sa aka binne tare da shi don su yi masa gadi a lahira. Dubbai ne jere cikin ramuka, kowanne da tasa fuskar, wani da gashin baki, wani kamar an yi masa laifi. Gwaggo tana leƙawa ta ja mayafi ta rufe ido.

"A'uzubillahi. Kuɗi muka biya mu ga gumaka?"

"Ba bauta musu ake ba, Gwaggo, tarihi ne."

"Tarihin ya ci kansa. Ku same ni a waje."

A waje muka tarar da ita wasu tsofaffin mata sun kewaye ta suna shafa leshinta suna ɗaukar hoto, ita kuma ta gyara tsayuwa tana ba su umarni da Hausa.

Abin da ya ɗan taɓa ni shi ne masallacin. Bayan wata hasumiya da aka jera manyan ganguna a jikinta akwai unguwar Musulmi, layuka matsattsu cike da hayaƙin tsire, maza da fararen huluna, mata da lulluɓi suna matse ruman. Can cikin wani lungu masallacin yake, ya fi shekara dubu in ji su. Babu ƙubba, babu doguwar hasumiya. Rufi ne mai lanƙwasa da ƙofofin katako da lambu bayan lambu, da ba don rubutun Larabci a saman ƙofa ba da na rantse gidan sarki ne. Wani tsoho mai farin gemu ya yi mana sallama da Larabcin da ya sha wuya, na amsa masa, ya yi ta murna kamar na kawo masa saƙo daga gida.

Daga nan Sha'aban ya ce zai kai mu mu ci abincin garin. Wani ƙaramin shago ne mai tebura na katako, tururi ya rufe gilashinsa. Muna zama aka ajiye wa kowa babban kwano, babu komai ciki sai gurasa biyu masu tauri, farare, kamar ba su gama gasuwa ba. Sha'aban ya tashi wanke hannu. Ni da Gwaggo muka naɗe hannu muna jiran miya. Muka jira, muka jira. Masu kawo abinci na wuce mu kamar ba su gan mu ba.

"Kin gani ko?" in ji Gwaggo. "Don mu baƙaƙe ne."

Da ya dawo ya ji, sai da ya danne dariya. Ya ce a nan kai za ka gutsuttsura gurasarka da hannunka, ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake, sannan a ɗauki kwanon a kai wa mai girki ya dafa ta cikin romon rago. In ba ka gama ba, babu mai kula ka.

"Mu biya kuɗi kuma mu yi musu aikatau?" Gwaggo ta kama gurasarta ta yi mata ɓalli huɗu irin na gurasar Jakara, ta ɗaga kwanon sama. Wata tsohuwa mai shuɗin lulluɓi, wadda da alama ita ce mai shagon, ta zo ta leƙa, ta girgiza kai, ta mayar mata da kwanon gabanta, ta nuna mata kan ƙaramin yatsa. Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi. Ta ce ita ta ga tsire a bakin layi, wanda ba a sa mutum ya yanka ragon da kansa, mu same ta a can.

Aka bar mu mu biyu. Kun san dai halin, budurwa ba ta cin abinci gaban saurayi, ni ma da niyyata in ce na ƙoshi. Amma wannan ba ci ba ne, aiki ne, kuma zama haka nan ido cikin ido ya fi shi wuya. Na ja kwanon na fara gutsura. Gurasar na da taurin kai, sai ka sa farce. Na ɗan jima ina yi, har abin ya fara yi min daɗi, ina jera su ƙanana daidai wa daida.

"Wani abokin aikina ya ce min," in ji Sha'aban, idonsa a kwanonsa, "in kana da magana mai nauyi, nan za ka kawo mutum. Hannu na aiki, ido na ƙasa, babu mai tashi sai an gama."

"To ai ga ni."

"Aikinmu na Dir'iyya ya kusa ƙarewa. In na koma, da wuya in wuce shekara, ni ma a buga min fita. Sun ba ni aiki a nan, shekara uku, in riƙa koyar da makanikan da ke zuwa daga ƙasashenmu da na Larabawa. Akwai gida, an yarda da iyali." Ya gutsura, ya gutsura. "Na karɓa."

Ban ɗago ba.

"Ba ka tambaye ni ba."

"Tambayar farko ma ba ki ba ni amsarta ba, Hansai."

"Su Umma sun sani?"

"Ke na fara gaya wa. Na san abin da Umma take so, na san abin da kike so. Ba ni ba ne, Riyadh ce. Ban ga laifinki ba, can kika buɗe ido. Amma Riyadh ba ta hannuna, ba na so ki ɗauke ni a kan abin da ba ni da shi."

"Da ka faɗa a waya ai da ka hutar da mu kuɗin jirgi."

"Da na faɗa a waya, babban yatsa za ki turo min."

Wallahi na ji haushi, irin haushin wanda aka kama hannunsa cikin tukunya. Na ci gaba da yagar gurasar ba na ko kallon ta. Shi kuma bai roƙe ni ba, bai ce zai mutu in babu ni ba. Yana ta aikinsa a natse kamar mai tsince shinkafa.

Tsohuwar ta dawo ta ɗauki nasa, ta gyaɗa kai. Ta ɗauki nawa, ta karkata shi ta duba, ta sa yatsa ta tona ƙasan. Na ƙasa ƙanana ne tsaf, na sama kuwa manya manya kamar an yi wa kaji. Ta dube ni, ta dube shi, ta faɗi wata magana doguwa tana nuna shi da yatsa.

"Me ta ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ta ce a tsakiyar kwano aka ɓata miki rai, kuma ta san wanda ya yi."

Ban san lokacin da dariya ta kufce min ba. Mu dai a wajenmu labarin zuciya fuska ake tambaya, ashe a nan kwano ne. Tsohuwar ba ta mayar min da shi ba, ta zauna a gefena ta ƙarasa gutsura manyan da kanta, tana yi tana yi wa Sha'aban faɗa, shi kuma yana ta ba da haƙuri da yarensu. Da aka kawo abincin, romo ne mai kauri da yankan naman rago a sama, da tafarnuwa mai zaƙi a ɗan faranti. Na manta da kunyar, na cinye tas a gabansa.

Da zai raka mu tasha bai tambaye ni komai ba. Ya saya wa Gwaggo ruman cike da leda, ya ce ta gaida Alhaji. Da ni kuma ya ce, "Duk abin da kika yanke, ba zan riƙe ki a rai ba."

A jirgi Gwaggo na barci, ni ina kallon gonaki na wucewa. Na yi ta juya abin. Mutumin nan da ya so, da ya yi shiru har a ɗaura aure, sannan ya ce kamfani ne ya yi masa canji, wa zai ce ƙarya yake? Sai na lura ina tuna yadda yake riƙe gurasa da dogayen yatsunsa masu tabon baƙin mai, kuma a tunanin babu baƙala, babu Dira, shi kaɗai ne. Na yi kewarsa tun ba mu yi nisa ba, abin kuma ya ba ni haushi ƙwarai, don ba haka na tsara ba. Da safe saƙonsa ya shigo kamar kullum: "Kin tashi lafiya? Yau an yi sanyi a nan." Na daɗe ina kallon sa, sannan na rubuta, "Ka sa hularka."

Mun dawo Riyadh na tarar gidanmu ya zama kango. An sayar da kujeru, an kwashe labule, kwalaye sun tafi kargo. Ɗakina ne kawai ba a taɓa ba. A kan gadona Umma ta jera sababbin tukwane da kuloli da zannuwan gado har da injin markaɗe, duk da ledarsu.

"Na ce kada a sa kayanki a kargo," ta ce tana shafa murfin wata kula. "Wahalar banza ce, tunda ke kina nan."

Bayan la'asar Abba ya kira ni falo. A kan darduma muka zauna, shi da farar jallabiyarsa da carbi, Umma a bakin ƙofa da ɗaurin nan na goshi.

"Auta, kin je kin gani. Ba zan matsa miki ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, zan so a ce cikin 'ya'yana akwai wanda ya rage a garin nan. Nan na ƙarar da ƙuruciyata. Ko umara muka zo, mu san muna da ƙofar 'yarmu da za mu ƙwanƙwasa."

Ya yi gyaran murya. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in yi shiru in bar shi da mafarkinsa ko na mako guda ne. Amma mutumin da nake shirin amsa wa bai yi min haka ba.

"Abba, na amince."

"Alhamdu lillahi," in ji Umma, ta ɗaga hannu sama.

"Sai dai ba a Riyadh za mu zauna ba. Ya karɓi aiki a can, shekara uku. Ya gaya min kafin in amsa, kuma duk da haka na amince."

Carbin Abba ya tsaya. Umma ta sauke hannunta a hankali, ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

"Mun yi rabin rayuwarmu muna baƙunta a ƙasar mutane," ta ce, "don ku ku huta da ita. Ashe ke sabuwa za ki ɗauko, a inda ko sallama sai an fassara miki."

Abba ya daɗe yana kallon inda kujerarsa take a da. Can ya miƙo min hannu.

"Kira min shi. Ki sa a sifika, uwarki ma ta ji."

Na danna lambar na ajiye wayar a tsakiyar darduma. Ta yi ƙara sau ɗaya, ta sake yi, sannan muka ji muryarsa, da hayaniyar titi a bayansa.

"Salamu alaikum, Hansai?"

"Ba ita ba ce," in ji Abba. "Ubanta ne. Nemi wuri ka zauna."